Makin da na karanta a rediyo

A Disambar 2020 na yi katoɓara a shirina na matasa. Wasan Cyberpunk 2077 ya fito, na leƙa Metacritic, inda ake tattara makin masu sharhi, na ga ya tasam ma 90 bisa 100. Ban taɓa buga shi ba, amma na ce wa masu saurare su saya, babu haufi.

Bayan makonni, wani saurayi mai shagon gem a Maraɗi ya kira ni. "Yaya, cinikin mako guda na zuba a faifan nan. Sai tsayawa yake yi, yara sun watse."

Ashe na kwamfuta aka ba masu sharhin su gwada, shi kuwa PlayStation 4 gare shi. Na wannan na'urar maki 57 ya samu, har Sony ta cire shi daga kasuwarta ta intanet.

Na ba shi haƙuri kai tsaye a shirin, amma kuɗinsa sun tafi. Tun ranar, kafin in yabi wasa, sai na bincika na'urar da aka gwada shi a kai, sannan in je shagonsa in buga da hannuna.