Shago da Bakin Mawaƙinsa

A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sai kalangu ya fara kiran maza zuwa filin dambe. A irin waɗannan filaye na tsohon Lardin Sakkwato ne sunan Shago ya tashi. Dambe tun asali wasan mahauta ne. Rundawa kan bi garuruwa tare da makaɗansu, a naɗe hannu ɗaya da kara, a gwabza, wanda ya taɓa ƙasa a ce an kashe shi. Babu albashi, babu takardar yarjejeniya. Abin da ɗan dambe ke komawa gida da shi kari ne na 'yan kallo da kyautar masu gari: kuɗi, riga, wani lokaci dabba. Duk da haka Shago ya mayar da ƙarfin damtsensa sana'a, tun zamanin da ake yi wa mai bin fagen dambe kallon wanda ya guje wa gona.

A Kanada ma an taɓa ƙyamar mai karɓar kuɗi don wasa. Sai a 1904 aka kafa gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta farko da dukkan 'yan wasanta masu karɓar albashi ne, kuma a Mishigan ta Amurka aka kafa ta. Can Cyclone Taylor ya je ya buga kafin ya koma gida ya ci kofin Stanley a 1909 da 1915. Ƙwallayen da ya ci suna nan a rubuce.

Shi kuwa Shago, kundin tarihinsa bakin Muhammadu Bawa Ɗan'anace ne, mawaƙin da ya fito daga ƙasar Gandi ta Rabah. Waƙar ta riƙe abin da alƙalami ba ya iya riƙewa, wato tsoron da ke shiga fili idan Shago ya miƙe. Sai dai mawaƙi ba marubucin tarihi ba ne, aikinsa zuga. Ba ya ƙirga shekaru, kuma ba ya son tuna ranar da gwaninsa ya sha ƙasa. Wanda wannan ya fi cuta shi ne Ɗandunawa, babban abokin karawar Shago, domin yawancin masu sauraro a yau daga bakin mawaƙin abokin hamayyarsa suka san shi.