ADON KAKA: ABIN DA KE FAƊOWA A ƘOFAR GIDANMU



Duk shekara daga watan Satumba zuwa Nuwamba, hotunan adon gida na mutanen Turai da Amurka kan cika wayoyinmu. Lokacin ne ganyen itatuwansu ke komawa ja da ruwan ɗorawa kafin sanyi ya shigo. Cikin abin da suka fi ƙawata tebur da shi akwai 'ya'yan wani babban itace da suke kira oak, 'yan ƙwallaye masu kamar hula a ka. Ba saye suke yi ba, tsinta suke yi a gindin itacen. Abin da ya ja hankalina shi ne wahalar da suke sha kafin ƙwallon ya hau tebur. Akwai wani ƙwaro mai dogon baki da ke huda shi tun yana ɗanye a sama, ya saka ƙwai a ciki. Ka tsince shi sumul, bayan kwanaki ka tarar da farar tsutsa ta fito tana yawo. Don haka sai su zuba su a ruwa su yar da waɗanda suka taso sama, su shanya sauran, sannan su gasa su da wuta kaɗan na awa 2 zuwa 3, ko su sa a firiza na wasu kwanaki, kafin su shafa musu mai ko fenti.

Mu a Bagudo ba mu da wannan itace, amma muna da kaka, kuma wannan aikin kaf ɗinsa iyayenmu mata sun san shi tun kafin a haifi mai ɗaukar hoton.

A gidan da na tashi, da zarar an yanke gero da dawa, Gwaggo ce ke fara shiga cikin dammunan. Takan zaɓi zangarniyar da ta fi cika ido, ta ɗaure su biyar-biyar da kaba, ta rataye a rufin ɗakin girki daidai inda hayaƙi ke bi. Masara ma haka, a kwaye ɓawon a ɗaure da shi. Asalin manufar ajiye iri ce, amma duk wanda ya ɗaga kai ya ga jar dawa kusa da farar masara da zangarniyar shinkafa, ya san idon da ya jera su ya san kyau. Hayaƙin nan shi ke busar da su, shi ke korar ƙwari har damina ta dawo.

Wake kuwa ta fi yi masa tsanani, domin a cewarta ɓarawonsa tun daga gona yake biyo shi. Gaskiya ta faɗa, ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwai. Takan shanya shi a tsakiyar rana har ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a ciki, sannan ta cakuɗa shi da toka. Ƙwallon kaɗanya, wanda ake tsinta a farkon damina, tafasa shi ake yi a shanya don kada ya tsiro ko ya yi funfuna. Ku duba da kyau: tantancewa, zafi, shanya. Abin da Baturiya ke yi da na'urar gashi, shi Gwaggo ke yi da rana da murhu.

Sai ƙwarya, wadda ita ce sarauniyar adon ɗaki a da. Duma ba ya zama ƙwarya rana ɗaya. Sai an bar shi ya ƙosa a jikin yaɗo, a yanka, a jiƙa har cikin ya ruɓe, a kankare, a wanke ɗacin, a shanya. Wanda aka tsinka bai ƙosa ba, lanƙwashewa yake yi ko ya tsage. Daga nan mai sassaƙa ya zauna da wuƙa mai zafi yana fitar da zane. Matan Fulanin da ke kawo nono kasuwannin Ka'oje da Tsamiya har gobe ƙoransu abin kallo ne, fes kamar ba a taɓa zuba komai a ciki ba. A ɗakin amaryar da, masaki na ƙasa, ƙwarya na bisa, ƙoƙo na can ƙoli, an rufe da faifai mai launi, wasu kuma na lilo a ragaya. Daga baya tasa ta ture ƙwarya, kwanon samira ya ture tasa, tangaran ya zo ya ture su duka.

Yau idan ka shiga kasuwar Lolo, ko ka ƙetara iyaka ka isa Malanbil a ƙasar Benin, za ka ga furen roba da 'ya'yan itacen roba da suka taso tun daga tashar jirgin ruwan Kwatano. Muna canza naira zuwa sefa mu sayo, mu zuba a kwano, ƙura ta hau su, rana ta kashe launinsu. A hanyar dawowa kuma mu wuce goruba da bagaruwa da 'ya'yan kuka zube a ƙasa, ba mai ko waiwayawa.

Bara na tara nawa. Goruba na zaɓi marasa huji ko tabo, na shanya su mako guda a kan kwanon rufi ina juyawa, na goge su da ɗan man kaɗe a tsumma, suka yi ja suna sheƙi. Bagaruwa, wadda majema ke jeme fata da ita, ta fi son ƙwari, don haka na tsoma ta a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kafin shanya. Na shimfiɗa busasshen ganyen dogon-yaro a gindin ƙwarya na jera su a kai, na ɗora bisa tebur nesa da ƙasa saboda gara. Har yanzu suna nan. Wata ƙawar ƙanwata da ta gani, tambayarta ta farko ita ce a wane shago na saya.

Tambayar nan ce ta sa na kawo maganar gabanku. Mu da ke koyon rubutu, sau nawa muka karanta labarin da falon gidan ya cika da kujeru 'yan Turkiyya da labule 'yan Dubai? Sau nawa muka ci karo da ragaya, ko masaki, ko zangarniyar iri da hayaƙi ya rina? Yaron da aka haifa a garinmu bana zai iya girma bai taɓa jin kalmar ragaya ba. Itatuwan ma raguwa suke yi, masu gawayi ba su bar ko kaɗanya ba. Abu idan ya bar ɗaki, sunansa ne ke biye da shi, kuma ƙwaron da ke cin kalma ba a ganin hujinsa sai ranar da aka neme ta aka rasa.

Ban ce kowa ya zubar da furen robarsa ba, kuma ban ce kowane labari sai an kai shi ƙauye ba. Cewa na yi da tsohuwar zuma ake magani. Ga kaka ta zo. Kafin mako ya zagayo, kowannenmu ya samu wata tsohuwa a gidansu ko a unguwarsu, ya gaishe ta, ya zauna, ya tambaye ta abubuwa biyar da ake ratayewa ko jerawa a ɗakinta lokacin da take amarya, da yadda ake hana su lalacewa. Ya rubuta sunayen yadda ta faɗe su, da harshen garinsu, kada ya gyara mata. Mu nan muna da Dandawa da Zabarmawa da Busawa da Fulani a maƙwabta, na tabbata sunayen da za mu tara za su ba mu mamaki.

Allah Ya sa mu ga kakar baɗi lafiya, Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Wassalam.