Neman ajin ƙira a Mashi

Motar Daura na shiga daga Katsina, na ce wa direba ya ajiye ni a Mashi. Kaka ta wuce, gonaki sai kara, gawo kuwa ya fara fitar da ganye kamar yadda ya saba idan ruwa ya ɗauke. A siyasa garin yana shiyyar Daura, a sarauta hakiminsa Iyan Katsina ne, iyakar Nijar kuma tana nan arewa ba nisa. Wasu samarin unguwarmu ne da suka gama sakandare suka ce ƙira suke so su koya, iyayensu suka ɗora mini nemo inda ake koyarwa.

Ban sha wahalar tambaya ba, ƙarar masaba ce ta kai ni. Rumfa ce ta kara, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Wani dattijo na zaune a ƙasa, uwar maƙera a kafe gabansa, yaro ɗan kimanin shekara goma yana ta fama da zugazugin fatar akuya. A rumfar da ke kusa sun daina fata, sun haɗa fanka da wilin keke suna juyawa da hannu. Dattijon ya zaro guntun sifirin na mota daga wuta da awartaki, ya yi jajir, babban ɗansa ya sauke masa masaba, shi kuma yana jujjuyawa yana bi da ƙaramar guduma. Kafin in gama gaisuwa ruwan gatari ya fara bayyana.

Na ce, “Baba, ko kuna karɓar ɗalibai?”

Ya yi dariya, ya nuna yaron da haɓa. “Ɗana, shi ma haka ya fara, ni ma haka.”

Ƙira gado ce. Yaro yakan daɗe yana zuga kafin a bar shi ya taɓa masaba, kuma ba zalunci ba ne: a zaman zugar nan yake koyon launin wuta, ya gane ƙarfen da ya nuna da wanda ya kusa ƙonewa. Awartaki sai daga baya. Tsoma gatari a ruwa don ya yi kaifi ba tare da ya tsage ba kuwa, wannan sai hannu ya faɗa. Wanda ba ɗan gida ba ana karɓarsa, amma ubansa ne zai kawo shi da goro, ya damƙa shi amana. Sirrin wutar da maƙera ke nunawa a wasanninsu, wannan ba ya cikin abin da ake ba baƙo, ni ma ban roƙa ba.

Dattijon maƙerin baƙi ne: fartanya, garma, lauje, gatari. Maƙeran fari, masu azurfa da tagulla, hanyarsu daban. Kakanninsa tama suke narkawa, amma tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 tsofaffin ƙarafan Turawa suka fara kashe wannan aikin. Yau ’yan gwangwan ne ke kawo masa ƙarfe, kuma yana takara da masu lodin shi a tirela zuwa kamfanonin narkawa.

Da na kawo maganar aji, na zaci zai ƙi. Bai ƙi ba, sharuɗɗa ya jero. Ba a bazara ba, lokacin manoma ke cika rumfar da kayan gyara kafin ruwan shuka, ba shi da sukunin kallon ɗan koyo. Da rani za a yi. Sai an fara gaida Sarkin Maƙera an nemi izininsa. Wuta ɗaya ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu ko uku, in sun fi haka a raba su rumfuna. Abin da ya fi nanatawa shi ne gawayi: na ƙirya ne ke riƙe zafi, ƙiryar kuwa ta yi wuya a dajin nan, ɗan koyo kuma ɓarnar gawayi gare shi. Kowa ya zo da buhunsa.

A ganina tsarinsa ya fi a tara yara a ɗakin taro mako guda a raba musu takardar shaida. Ita ma hukumar samar da aikin yi ta NDE, da aka kafa a 1986, shirinta na koyon sana’a a kan haka ya ginu: a kai matashi wurin mai sana’a, ya zauna a gabansa.

Muna cikin haka wani Buzu ya shigo da wuƙarsa a wasa masa. Maƙera da Buzaye abokan wasa ne, nan take tsiya ta ɓarke, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, har yaron ya saki zuga yana dariya, aka daka masa tsawa.

Da zan tafi na tambayi kuɗin koyarwa. Ya ce a bar wannan tukuna, in turo su ranar kasuwa su yini suna zuga, wanda ya dawo kasuwa ta gaba da shi za a yi maganar kuɗi.