Ranar da na ƙi gyaran kebul ɗin ɗakin tiyata

Yau ba maganar filashin ko canjin sikirin zan yi ba, wani abu ne ya same ni a shago.

Makon jiya wani abokina da ke aiki a wani ƙaramin asibiti ya shigo da kebul a leda. Ya ce, "Mutumina, ɗan kama min wannan da dalma ka naɗe da salatef, gobe akwai aiki." Na duba, robar ta tsage wuri biyu har ana hango jan ƙarfen ciki. Na ce na mene ne? Ya ce na injin dayatami.

Ga wanda bai sani ba, wannan injin ne likita ke yanka nama da tsayar da jini da shi ta hanyar wutar lantarki. Tun 1926 ake aiki da irinsa, lokacin da William Bovie ya haɗa nasa a Amurka. Wutar NEPA sau 50 take juyawa a sakan ɗaya, shi ya sa take fizgar mutum. Shi kuwa injin yana kai ta sama da sau 300,000, jijiya ba ta jin ta, zafi kawai take tarawa a bakin abin yankan. Daga nan ta ratsa jikin mara lafiya, ta fita ta wani faifai da ake manna masa, galibi a cinya, ta koma injin.

To mu masu gyara mun san halin wuta, duk inda ta samu kafa nan take bi. Idan roba ta tsage, tartsatsi zai iya tsallakawa ya ƙone fata ko hanji, mai jikin kuma yana barcin allura, ba zai ce wayyo ba. Idan faifan cinya ya ɗage, wutar za ta taru a ɗan wurin da ya rage ta ƙone shi. Idan sifirit ɗin da aka goge fata bai bushe ba, ga oksijin a kusa, gobara ce. Ni kaina sifirit ya taɓa kama min wuta a tebur, har yau tabon na babban yatsana.

Na ce masa gaskiya ba zan taɓa ba. Mitata dai za ta nuna layi bai yanke ba, amma injin nan yana iya fitar da dubban bolt, salatef ba zai tare su ba. Ya ji haushi, wai ni da nake gyara iPhone. Na ce waya in na ɓata zan biya, cikin mutum fa? A sayi sabo, ko a kira injiniyan kayan asibiti.

Ku kuma in za a yi wa naku tiyata, a cire zobe da sarƙa da 'yan kunne, a faɗa wa likita idan akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jiki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.