Ranar Da Na Wanke Audugar Iya

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na sha jin wannan magana a aji, har na taɓa rubuta ta a jarrabawa na ci maki, amma ban san nauyinta ba sai a hutun Disambar bara waccan, da na koma gida Bunkure.

Wanda ya san ƙasarmu ya san yadda ruwan Tiga ya sake mata kama. Tun da aka gama madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta Kadawa da Kura da wajenmu, manomi ya daina sanin hutun rani. Da an kau da shinkafa sai alkama da tumatir da albasa. To, amma tumatir yana son tsaro, injin ban-ruwa ma haka, saboda haka mahaifina a bukkar gona yake kwana cikin tsakiyar hunturu. Sanyin bakin ruwa kuwa ba irin na cikin gari ba ne, har ƙashi yake shiga. Da na iso na tarar yana wani tari da ban so ba, abin rufarsa kuma tsohon gwado ne da buhuna biyu.

Kakata, wadda muke kira Iya, ta riga ta yi shiri. Akwai 'yar audugar da take sa a shuka mata a gefen gonar tudu. Ta tara ta shekara biyu, ta gurje ta a magurji ta fid da gurya, ta shiɓe ta da baka har ta yi laushi kamar kumfa. Nufinta ta ɗinka wa ɗanta bargo mai ciki, watau yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakiya, a bi da allura layi-layi. Ta aike ni Kantin Kwari na sayo yadi 6 na farin ƙyallen nan da tsofaffi ke kira akoko. Da na kawo sai ta ce, “Maigida, ka jiƙa wannan ya kwana a ruwa. Audugar kuwa ka shanya min ita a tabarma ta sha rana, kada ruwa ya taɓa ta.”

Ni kuwa ɗan jami'a, na taɓa karanta cewa a Amurka da Ingila, inda ɗinkin irin wannan bargo sana'a ce babba, mata suna ta gardama a kan ko a jiƙa audugar ciki kafin ɗinki ko a bar ta, domin takan tsuke da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko. Sai na ce a raina, ai Iya ta juya magana. Yadi sabo fil daga kanti me zai yi da ruwa? Audugar da ta shekara biyu a rumbu tana shan ƙura, ita ce mai bukatar wanki. Da ta shiga ɗaki sallar azahar, na zuba audugar a babbar roba, na sa sabulu, na cuɗe ta da iyakar ƙarfina, na matse.

Jama'a, abin da ya fito daga robar nan ba auduga ba ne, curi-curi ne kamar dawon fura. Na ja, na yaga, ya ƙi warwarewa. Iya ta fito ta tsaya a kaina. Na zaci za ta yi faɗa, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta ɗauki curi ɗaya ta juya shi a hannu, ta ce, “Angona ya yi wa amarya aiki. To, ɗauko akokon, ka auna shi da hannunka, ka jiƙa, gobe ka sake aunawa.”

Na auna da taƙi, na rubuta a takarda. Kashegari da ya bushe na sake aunawa, sai ga shi ya ragu da taƙi ɗaya cur, ruwan da ya kwana ciki kuma ya yi kauri da sitaci. Ta ce, “Da an ɗinka shi haka, ranar wankin farko zai tsuke ya ja audugar, bargo ya tattare kamar fuskata. Ƙafar ubanka kuma tana waje.”

Daga baya na koma na bi karatun nawa a hankali, na ga inda na yi tuntuɓe. Zare a kan masaƙa a miƙe yake, an ja shi an ɗaure, an kuma shafe shi da sitaci don kada ya tsinke. In ya sha ruwa sai ya kumbura, ya saki jiki, ya koma tsawonsa na gaskiya. Wannan ne ya sa a 1930 wani Ba'amurke, Sanford Cluett, ya yi rajistar dabarar tsuke yadi da inji tun a masana'anta. Akoko bai bi ta wannan inji ba, don haka dole mai ɗinki ya yi masa da kansa. Ita kuwa audugar da Turawa ke gardama a kanta, shimfiɗa ce guda da inji ya riga ya harhaɗa silinta, ana nannaɗe ta kamar tabarma. Duk da haka masu jiƙa ta ba sa cuɗawa, tsomawa suke yi su danne ruwan a hankali su shimfiɗa. Wasunsu ma da gangan suke ƙin jiƙawa, don suna son 'yar tattarar nan da ke sa bargo ya yi kama da na kaka da kakanni. Tamu sako-sako ce, babu abin da ke riƙe da ita sai iskar da bakan shiɓa ya sa mata, ɗumin bargo kuwa a cikin iskar nan yake. Ita na kora da sabulu.

Iya ba ta san sunan Cluett ba, amma ta san kowane kaya da halinsa. Ta ce lifidin da 'yan lifida ke sa wa dawaki a Hawan Sallah audugar rimi ake cusa masa, wadda ba ta shan ruwa da sauƙi, rana ce wankinta. Da na ce mu yi wa bargon baki da baƙin rinin Kura don ado, ta ce a'a, turkuɗi ba a haɗa shi da abin wanki, ƙyallinsa na bugu ne, ruwa na taɓa shi zai zuba shuni a kan farin. Ƙa'idarta ɗaya ce: abin da za a ɗinke tare, a san yadda kowannensu zai yi in ya gamu da ruwa tun allura ba ta shiga ba.

Audugar ta kwana uku kafin ta bushe. Iya ta zauna a inuwar ɗaki tana tsinke curin da yatsa tana sake shiɓa, ga idonta ya yi rauni, ga hannu yana rawa. Na karɓi bakan na gwada, ta yi ta dariya, amma ta koya mini, har na iya. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu bai gyaru ba, muka cika da audugar roba irin ta matashin kai, wadda ba ta tsukewa, ta sa ta a wajen ƙafa. Aikin mako ɗaya ya ci kwana 17. Kwana goman da suka hau, Baba a cikin buhu ya yi su, ina jin tarinsa da asuba in ya shigo gida. Bai taɓa ce mini komai ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in an tambaye ka a wanke ko a bari, kada ka yi saurin amsawa. Ka fara tambaya, wace audugar, wane yadin? In kana shakka, yanki ƙyalle kaɗan ka auna ka jiƙa ka sake aunawa. Ban ce mu zubar da littafi ba, domin abin da na karanta gaskiya ne, audugar wasu ce kawai na ɗora wa tamu.

Bargon yana nan a bukkar gona, an wanke shi sau biyu bai tattare ba. Akwai wani ɗan curi a kusurwarsa da ya tsere wa bakan Iya. Duk sa'ad da na je nakan lalube shi da yatsa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya bar mana tsofaffinmu, amin.