Kada A Rushe Mana Soro

Ni 'yar cikin birnin Kano ce, a gidan ƙasa aka haife ni, kuma yau maganar gidan nan nake son mu yi, don wallahi tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kin san Kano mahaɗar fatake ce tun zamanin da. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ayari ya riƙa shigowa da gishiri, ya fita da turkuɗi da fatu. Sunayen unguwanninmu ma shaida ne: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, ga Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus suka zauna. Baƙi ne suka sauke kaya, suka yi aure, suka zama kakanninmu.

Soronmu irin ginin wancan zamani ne. Da tubali aka ɗora shi, aka rufe da azarar giginya, aka yi masa ɗaurin guga, aka shafe da makuba. Ko ana tsakiyar bazara, kin shiga sai ki ji sanyi kamar cikin randa. A nan aka ɗaura auren Innata, a nan aka raɗa mini suna.

To bana Baffa ya ce a rushe shi a fitar da shaguna uku, wai yaɓe duk shekara ya ishe shi. Gaskiyarsa, yaɓe kuɗi ne, magina kuma sun yi ƙaranci. Kakarmu dai cewa ta yi, "Kai wannan yaro, ka bari sai an fitar da ni ta ƙofarsa tukuna." Baffa ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya." Amma kowa ya san jinkiri ne kawai.

Shi ya sa mu jikoki mata muka sa adashi, kafin damina a yi yaɓen da kuɗinmu. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ma da kaɗan-kaɗan aka cinye yawancinta, ana kallo.

'Yar uwa, in gidanku na da tsohon soro, ki zauna da kakarki ki tambaye ta wa ya gina shi, daga wace ƙasa ya zo. Ki rubuta ki adana tun tana da rai.