Inuwar Gaɓa A Kogin Dee

A wannan fitowa za mu kai ku arewacin Birtaniya, ƙasar Sikotland, gaɓar wani kogi mai suna Dee. Yana tasowa daga duwatsun Cairngorms, ya yi tafiyar kusan kilomita 140, ya faɗa teku a birnin Abadin.

Kogin ya shahara da kifin salmon, mai girma a teku, ya hauro ƙoramu ya yi ƙwai cikin tsakuwa. Kifi ne na ruwan sanyi. Da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 23 sai ya shiga wahala, domin ruwa in ya ɗumama iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take yi. A lokacin zafi na shekarar 2018 an auna digiri 27 da rabi a Gairn, ɗaya daga rassan kogin.

Da muka bi tuddan da ƙoramun ke gangarowa, dalili bai ɓuya mana ba. Fili ne fetal, babu itace. An sare dajin tun zamanin da, barewa da tumaki kuma suna cinye duk tsiron da ya ɗago kai. Rana tana dukan ruwa tun hantsi har la'asar.

A ƙasa kuwa, cikin fadama, akwai ƙoramar Beltie, wadda mutanen da suka miƙar kamar lambatu don noma. A shekarar 2020 aka mayar mata da lanƙwasarta, ruwa ya koma yana malala a fadamarsa. Sai dai haƙa ba ta kawo sanyi. Sabuwar ƙorama marar zurfi, mai gudu a hankali, a buɗe take ga rana har sai tsirran gaɓa sun yi tsawo. A shekarar dai masu kula da kogin suka ɗaura aniyar dasa itatuwa miliyan ɗaya kafin 2035. Ana kewaye dashen da shinge saboda dabbobi. Itacen gaɓar kudu ya fi amfani, tunda a can rana ta kudu take ratsawa, ƙaramar ƙorama kuma ta fi babban kogi saurin rufuwa da inuwa.

Abin lura shi ne, injin haƙa yana gama aikinsa cikin watanni, amma inuwa sai an yi shekaru ana jiranta. Wanda ya dasa yau, 'ya'yansa ne za su ga kifin. Malamanmu sun karantar da mu cewa dashen itace sadaka ce muddin wani mai rai yana amfana da shi, kifin cikin ruwa ma mai rai ne. Magidanci ya tuna da wannan kafin ya ɗora gatari a kan itacen bakin gulbi.

Allah Ya sa mu zama masu gyara a bayan ƙasa. Amin.